Ƙahon da Ya Je Ingila Ya Dawo

Tun ranar da na dawo daga Ingila ban sake zama lafiya ba a majalisarmu ta ƙofar shagon Mamman Tela a unguwar Yara. Wannan ya ce wai da gaske Turawa ɗanyen ganye suke ci, wancan ya ce wai da gaske sai a yi mako rana ba ta leƙo ba. Duk kewaye-kewaye ne. Abin da ke cin su shi ne dalilin da ya sa ni, Malam Shu'aibu na Gangaren Tudu, wanda duk Keffi ke kira Ƙamus, na sauka a tasha cikin kwat ɗina mai tsada da ƙahon rago rataye a wuya. Na ce a bar kaza cikin gashinta, sun ƙi. To, ga shi na fige ta da kaina, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Sai na fara da ƙahon, don shi ne ya yi tafiyar, ni rakiya na yi masa. Shekara goma sha huɗu ina koyar da Turanci a firamare, kuma da hannuna na gyara ƙahon daga ragon layyata. Dokarsa ba wuya. Duk yaron da aka ji ya yi Hausa ko wani yare a harabar makaranta, a rataya masa. Shi kuma ya kasa kunne har ya kama wani, ya zo gabana ya kai ƙara da Turanci, cikin wata doguwar jimla da na tsara, mai ƙarewa da kalmar "banakula", wato yaren gida. In ya yi tuntuɓe a jimlar, ƙara ta faɗi, ƙaho ya zauna inda yake. Wanda aka kaɗa ƙararrawar tashi yana wuyansa, bulala uku. Makarantarmu ta yi tsit, hedimasta yana yaba mini, ni kuma na ɗauka shirun nan ilimi ne.

Bayan yaƙi, da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati ta tashi buɗe makarantu ko'ina, ana neman waɗanda za su koya wa malamai yadda ake koyar da Turanci. Takarda ta zo daga Jos cewa an zaɓe ni kwas na wata uku a Ingila. Sharaɗin a fili yake: in na dawo da satifiket, kujerar malamin malamai tawa ce, in na faɗi in koma ajina, kuma a Keffi faɗuwar Ƙamus ba abin da zai ɓoyu ba ne. Ni dai faɗuwa ba ta ko zo mini a rai ba. Mutumin da ya haddace ƙamus har harafin M? Mutumin da ake kawo wa talgiram daga unguwa uku ya karanta? Na saka ƙahon a akwati, tsakanin ƙuli-ƙuli da yajin da maiɗakina Hajara ta daka, don in nuna wa Turawa mu ma ba a zaune muke ba.

A Kano jirgi zai tashi, motar da na samu kuwa ta doya ce. Da na hau gidan gaba, direban ya cire hula ya ce, "Malam, ina kwana? Ba ka gane ni ba."

Na dube shi, ƙato ne mai gashin baki.

"Ɗanjuma ne, ɗan Agwada. Na aji uku. Mai ƙaho."

Sai na tuna. Ya zo Keffi wurin kawunsa da yarensu na gida, Hausar ma a kasuwa ya tsince ta, ni kuma na ɗora masa Turanci a kai. Ƙahon ya daɗe a wurinsa, daga baya Ɗanjuma ya daina zuwa, na gaya wa hedimasta yaron ba shi da ƙwaƙwalwa. Na yi gyaran murya na ce Allah ya yi albarka, ashe an zama mutum. Ya ce amin, ya ta da mota.

Bayan Kachiya 'yan sanda suka tare mu. Na ce wa Ɗanjuma ya zauna, ni zan yi magana. Na leƙa ta taga na zuba wa kofur ɗin, wani mutumin kudu, jimla guda mai tsawon kamu goma, da kalmomi biyu daga harafin M. Ya tsaya yana kallona, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya ce zaginsa na yi, a sauke doya gaba ɗaya. Ɗanjuma ya diro ya sosa ƙeya ya ce, "Oga, no vex. Na tisha." Wato kada ya yi fushi, malamin makaranta ne. Kofur ya sake dubana, wannan karon da tausayi, kamar an gaya masa ciwon da ke damuna. Ya ɗaga hannu muka wuce.

"A ina ka koyi wannan?" na tambaye shi.

"A hanya, Malam. A can in ka yi kuskure dariya ake yi, a gyara maka."

Na ce ai wannan ba Turanci ba ne, buroka ce. Ya ce, "Haka ne, Malam. Amma doya tana mota."

Jirgin sama ba ni da labarinsa, don idona a rufe na yi tafiyar, ina karanto duk abin da na haddace tun ina makarantar allo. A Landan aka fara yi mini jarrabawar da ba ta cikin takardar Jos. Ma'aikacin da ke duba fasfo ya yi magana, na ji kamar mai tauna doya da zafinta. Na ce ya maimaita, ya maimaita, har sau uku. A na huɗu ya ɗauki biro ya rubuta, sai ga shi tambayar 'yan aji biyu ce, wai kwana nawa zan yi. Ya duba takardata ya ga an rubuta malamin Turanci, ya dube ni, ya buga hatimi ya miƙo mini fasfo. Da ma zagina ya yi.

Ɗan kwastan kuma ya buɗe akwati ya ɗaga ƙuli-ƙuli ya shinshina, na ce biskit ne na ƙasarmu. Ya ɗaga ƙahon da yatsa biyu, na ce kayan koyarwa ne. Ya ce busawa nake yi yara su taru? Na ce a'a, shi ke sa su yi shiru. Ya ce lalle yana bukatar guda a gidansa, ya mayar ya rufe.

Daga nan jirgin ƙasa ya kai ni wani gari a arewacinsu, garin masaƙu da hayaƙi. Fitowata daga tasha saura ƙiris bas mai bene ta gama da ni. Mu a gida ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba, na sha wahala kafin wuyana ya saba da sabon hannu, ashe su da suka koya mana na hagu suna nan a kan bakansu.

Masaukina gidan wata dattijuwa ne da mijinta ya rasu, Misis Barka. Yadda ake rubuta sunan daban ne, amma haka kunnena ya ji, na ce alhamdu lillahi, an fara da sa'a. Na miƙa mata tsarabar jakar fata da na saya a Kano. Ta karɓa ta yi murmushi ta ce, "Ta."

Na tsaya ina jira. Ta me? Ta yi kyau? Ta yi ƙanƙanta? Na san ba ta jin Hausa, amma kunne ba ya shawara da mai shi. Matar nan ta juya ta shige kicin. Washegari na miƙa mata wasiƙarta, ta ce, "Ta." Mai kawo madara ya ba ta kwalba, "Ta." Na shiga ɗaki na buɗe ƙamus, babu. Kwana uku ina jin kamar wata mata ce ta yi mata abin da ba ta iya ƙarasa faɗa, har na fara tausaya mata. Da na gaji na tambaye ta. Ta yi dariya har sai da ta zauna. Wai "na gode" ke nan a garinsu. Shekara goma sha huɗu ina bugun 'ya'yan mutane a kan godiya mai kalma huɗu, ashe masu abin da harafi biyu suke sallamar juna.

Abinci ma ta kan kalma ya cuce ni. Ranar farko ta ce ana ti da ƙarfe biyar na yamma. Na ce mata cikin ladabi ni da safe kawai nake shan shayi. Ta ce to. Na zauna a ɗaki ina jiran a kira ni cin abinci, ina jin ƙarar cokula a ƙasa, ba wanda ya neme ni. Ashe a garin nan abincin yamma gaba ɗayansa shi ake kira ti. Kwana biyu ƙuli-ƙulin Hajara ne ya riƙe ni. Da na gane na sauko, sai na tarar abin da nake ta asara dankali ne da kabeji, an dafa su har sun manta sunansu. Na barbaɗa yaji. Misis Barka ta ce in sam mata. Ta lasa, ta sha ruwa kofi biyu hawaye na zuba, wannan karon ba ta ce "ta" ba.

Gaisuwa kuwa ba su san ta ba. Na tare maƙwabcinmu da safe na tambaye shi kwanan iyali, da aiki, da sanyi, da gajiya, duk cikin tsabtataccen Turanci. Ya ja da baya ya ce ko daga ofishin haraji nake. Amma karensa a kan kujera yake kwana, da bargonsa.

A kwalejin mu ashirin ne daga ƙasashe daban-daban, kowa Ƙamus ne a garinsu. Malaman kuma kowa da hanyarsa, kamar masu tallar magani ranar kasuwa, kowa na cewa na ɗan'uwansa guba ne. Na farko ya ce koyarwa ta nahawu da fassara, wato tawa, ta mutu tun zamanin kakansa, na yi kamar ban taɓa jin labarinta ba. Na biyu ya ce harshe al'ada ce ta baki, a yi ta maimaitawa har baki ya iya ko kai bai sani ba. Ya shigar da mu wasu 'yan akurki, kowa da abin ji a kunne, rikoda tana faɗa muna amsawa. Awa guda na yi ina shaida wa na'ura cewa wannan alƙalami ne, ba tebur ba ne, alhali ba ta taɓa musu ba. Ta uku Dakta Hil ce, doguwar mace mai tabarau, mai hanyar kai-tsaye. A wurinta kada malami ya kuskura ya furta kalma ɗaya ta harshen gida, sai dai ya nuna abu, ya kira sunansa, ya kwaikwaya. In kana son koyar da tsalle, ka yi tsalle. Na ce a raina Allah ya sa kada a zo kan mutuwa. Duk da haka ita na fi so, don na ga aƙidarmu ɗaya, ƙaho ne kawai ba ta da shi. Ita ce kuma za ta yi mana jarrabawar ƙarshe.

Na huɗu shi ne Mista Ebans, wani gajeren dattijo mai sanƙo, mutumin Welis, yankin da ke da nasu yaren daban. Shi ba ya tallar komai, sai yawan tambaya. Ranar da aka ce kowa ya nuna yadda yake koyarwa a gida, na fito da ƙaho na yi bayani dalla-dalla, har da dokar kai ƙara. Na jira tafi. Ajin ya yi irin shirun makarantarmu. Mista Ebans ya jujjuya ƙahon a hannunsa ya ce ko zan ba shi aro zuwa gobe. Na ba shi da rawar jiki, ina cewa a raina to, ga Ingila za ta kwaikwayi Keffi.

Washegari ya shigo ya ce yau mu ne yara. Zai koya mana yarensu wuni guda, ba Turanci, ba harshen kowa, kuma da dokar Malam Shu'aibu za a yi aiki. Ya ajiye ƙahon a tebur, ya ware hannu ya ce, "Bore da!"

Gaisuwar safe ce a yarensu, daga baya na sani. Amma ni Bahaushe a ce mini "bore da" a yi shiru? Kafin in ankara bakina ya ce, "Bore da wa kuma?"

Ya tako har inda nake ya rataya mini.

Aka yi dariya, ni ma na yi, don na ɗauka abin na minti biyar ne. Can na ji wani ɗan Sudan yana raɗa da Larabci, na miƙe da murna na nuna shi. Mista Ebans ya kama kunnensa, alamar yana jiran ƙara, da yarensu, cikakkiyar jimla. Na buɗe baki, ba komai a ciki. Na zauna. Daga nan ban ƙara jin ko kalma ɗaya ta darasin ba. Yana nuna taga yana nuna ƙofa, sauran suna amsawa, ni kuwa kunnena na kan bakin mutane ina farautar wanda zai yi suɓul, ga igiya tana cin wuyana. Da aka fita shan iska ba wanda ya zauna kusa da ni. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ni da gemuna da 'ya'yana huɗu, sai ga ƙwalla tana neman zubo mini a kan ƙahon ragon da ni na yanka.

Da aka tashi ya cire mini da kansa. Ya ce kakansa ya rataya irinsa a makaranta, na katako, saboda ya yi yarensu, kuma har tsohon ya mutu in zai yi Turanci sai ya shafa wuyansa. Ya tambaye ni kalma nawa na koya yau. Na ce biyu, su ma ban san ma'anarsu ba. Ya ce, "Yaron da ya fi daɗewa da shi a wurinka fa, ina yake?" Na ce ban tuna ba. Ƙarya na yi, har gashin bakinsa nake gani.

A jarrabawar ƙarshe kowa zai koyar da aji na gaske na rabin awa, Dakta Hil na zaune a baya da takarda. Dokarta kowa ya sani: kalma ɗaya ta harshen uwa, naka ko na ɗalibi, ka faɗi. Ni aka haɗa ni da ma'aikatan masaƙa takwas, 'yan Pakistan, ranar Asabar da hantsi. Na ɗaga alƙalami na faɗi sunansa da Turanci, bakwai suka amsa. Na yi tsalle, na buɗe ƙofa, na rufe, duk suna biye da ni. Satifiket ya fara yi mini murmushi.

Na takwas ɗin wani dattijo ne mai gemu da jan lalle, Malam Gulam, yana can ƙarshen benci. An riga an gaya mini wata shida yana zuwa bai taɓa buɗe baki ba, kada in ɓata lokaci a kansa. Duk sanda na matso sai ya sunkuyar da kai ya ƙanƙame hularsa a cinya. Na san wannan zaman. Na ga Ɗanjuma ya yi shi, ni ma na yi shi wuni guda. Saura minti goma, da na kau da kai da na gama lafiya. Na tuna kujerar da ke jirana a gida, na tuna majalisar Mamman Tela da abin da za su yi da ni in na dawo hannu rabbana. Duk da haka na je na tsuguna a gaban dattijon, na ɗaga alƙalamin na ce a hankali, "Ƙalam."

Ya ɗago kai.

Na ɗauko littafi na ce, "Kitab."

"Kitab!" in ji shi da ƙarfi, kamar wanda ya ga ɗan garinsu a tasha. Ya nuna kujera ya ce, "Kursi," yana gwada ni. Na ce, "Kursi," sannan na faɗa masa da Turanci. Ya maimaita. A karkace ta fito, amma ta fito. Muka bi ɗakin nan ni da shi, daga sabulun da ke cikin kayan nuni har duniya a jikin taswira, ina ba shi da Larabci ina biyowa da Turanci. Kafin ƙararrawa ya haɗa jimlarsa ta farko, ya rungume littafin ya ce nasa ne. Sauran bakwai suka tafa masa. A baya kuwa ina jin biron Dakta Hil yana ta aiki.

Ta kira ni ofis, Mista Ebans na gefe yana kallon silin. Ta ce na san doka, kuma na karya ta sau tara, ta ƙirga.

Na ce, "Ranki ya daɗe, dokar cewa ta yi harshen uwa. Uwata Hausa take yi. Tasa kuwa na tambaya, Fanjabi take yi. Wannan Larabci ne na makarantar allo, ba na uwar kowa ba ne a cikinmu."

Tari ya sarƙe Mista Ebans. Ita kuma ta cire tabarau ta goge, ta ce tunda take aiki ba ta taɓa jin rashin kunya mai tsari irin wannan ba. Sannan ta ce amma wata shida ke nan tana son ta ji muryar mutumin nan. Ta ba ni maki mafi ƙanƙanta da ake ci da shi. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Na karɓi takardar da hannu biyu na ce, "Ta."

Ranar da zan taho Misis Barka ta roƙi sauran yajin, wai maganin mura ne. Da na sauka Kano na wuce tashar 'yan doya, na yi kwana biyu ina jiran motar Ɗanjuma, ko da yake ga wasu nan suna lodi. Ya ɗora akwatina muka kama hanya, yana tambayata ko Turawa sun ji Turancina. Na ce wani lokaci. Sai da muka zo daidai inda kofur ya tare mu na ciro ƙahon daga aljihun kwat na ajiye a gabansa. Ya dube shi, ya mai da ido kan titi.

Na ba shi labarin "bore da" tun daga farko. Ya yi dariya har motar ta yi tangaɗi. Sannan ya ce, "Kwana nawa ka yi da shi, Malam?"

"Wuni ɗaya."

"Ni wata uku." Ya canja giya. "Kullum ina kama wanda ya yi Hausa. Jimlar ce ba ta fita. Kalmar nan ta ƙarshe, banakula. A hanyar gida ina faɗinta daidai, wallahi. In na zo gabanka sai ta gudu."

Kunya ta rufe ni, ban san sanda bakina ya ce, "Sorry, Ɗanjuma," ba.

Ya taka birki a hankali ya tsaya a gefen hanya. Ya ɗauki ƙahon ya warware igiyar.

"Malam, motar nan tawa ce, ita ma da dokarta. Ba a Turanci a cikinta."

Na dube shi, ba ya dariya, sai dai gashin bakinsa na rawa. Na cire hula na sunkuyar da kai, ya rataya mini.

"In kana son ka sauke, sai ka kai ƙara da yarenmu na Agwada. Cikakkiyar jimla."

"Ɗanjuma, ko kalma ɗaya ban iya ba."

"Ai da sauran tafiya, Malam. Zan koya maka. In ka yi kuskure dariya kawai zan yi."

Daga nan har Keffi yana faɗa ina maimaitawa, yana dariya yana gyara mini. Muka shigo tasha na iya gaisuwa, da ruwa, da doya, amma jimlar ba ta haɗu ba. Shi ya sa kuka gan ni yadda kuka gan ni, satifiket na cikin akwati ba wanda ya tambaye shi. Ƙahon yanzu yana rataye a madubin motar Ɗanjuma, wai ajiya na ba shi. Har yau in muka haɗu a kasuwa sai ya kama kunnensa ya tsaya yana jirana.